Silifa Ƙafa Ɗaya

Sana'ata gumin shinkafa ce, kuma ita na tarar uwata tana yi. Aiki ne da ba ya son a tsallake masa mataki. Ana wanke shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a tsame ƙaiƙayin da ya taso, a jiƙa ta da ruwan ɗumi ta kwana, da safe a turara ta har bakinta ya buɗe, sannan a kai ta shanya. Wadda ta kawo na baya gaba, a wurin injin casa za ta gani, don shinkafar a kakkarye za ta fito. Ban yi nisa a boko ba, amma wannan na san shi, kuma da shi nake auna sauran al'amura.

A unguwarmu, can gefen Tamale ta wajen Sagnarigu, mu masu gumi muna da daɓen siminti mai faɗi da muka haɗu muka yi don shanya. Magajiyarmu, wato shugabar matan sana'ar, tsohuwa ce daga cikin Dagombawa, mai magana a hankali. Ita ta ɗora mini rabon daɓen: wa za ta shanya yau, wa za ta jira gobe, wa ke gefen gabas. Ta ce ta zaɓe ni ne don ba na jin nauyin cewa a'a.

Lokacin da muka yi daɓen, fili ne ta kowane ɓangare. Akwai inda samari ke buga ƙwallo kusa da wata ɗorawa, akwai kuma filin makaranta da ba shi da katanga. Daga baya aka yanka filin ƙwallon aka sayar, bulo ya tashi, aka sare ɗorawar. Makaranta ta yi katanga ta sa mai gadi. Ɗan abin da ya rage a bakin titi, masu keke mai taya uku, da muke kira yalo-yalo, suka mai da shi tasha. Ni dai abin da na lura da shi a lokacin shi ne hanyar zuwa injin casa ta ƙara tsawo, don sai an zagaya gidaje. Ban tambayi kaina inda yaran suka koma ba.

Su suka zo suka same mu. Bayan la'asar, idan mun kwashe shinkafa mun zuba a buhu, sai ka ga sun fara taruwa a bakin daɓen, maza da mata, masu shekara goma sha uku zuwa sha bakwai, wasu da kayan makaranta a jikinsu. Da farko zama kawai suke yi. Wata rana na juyo daga rumfar da muke ajiye ganguna, sai na ga wani dogon yaro ya wuce ni fuu, a tsaye, ƙafafunsa ba sa takawa. Takalmi ne mai ƙananan tayoyi a jere a ƙarƙashinsa. Na ji an ce a gwanjo suka same shi, kuma ƙafa biyun nan su ke nan gare su duka.

Takalmin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na fara ganin yaran unguwa suna yawo da silifa a ƙafa ɗaya, ɗayar kuma ba komai. Na ga wani a kiyos, ɗan shagon bakin hanya, yana sayen ruwan leda, yana ɗaga ƙafar da ba takalmi saboda zafin ƙasa. Na ga wata yarinya da hijabi gogagge tsaf, tana tsalle da ƙafa ɗaya za ta tsallake kwata. In yaro ɗaya ne, sai a ce tasa ta tsinke. Amma yara da yawa, kuma kullum a lokaci guda, wannan ba tsinkewa ba ce.

A gidana akwai ɗiyar ƙanena, mai shekara goma sha huɗu, da take zaune wurina saboda makaranta, iyayenta suna ƙauye. Yarinya ce mai jin magana. In ta dawo daga makaranta ta ci abinci, ta ɗauki galan ta tafi famfo, sai ta cika randa take fita. Wata rana ta shigo ɗaukar wani abu da gudu, na dubi ƙafarta.

Na ce, “Ina ɗayar?”

Ta ce, “Tana nan, Mma.”

“Nan ina?”

“Tana yi mini aiki.”

Na ɗauka rashin kunya ce ta fara koya, na ce ta ɓace mini da gani. Amma maganar ta zauna mini. Wane aiki silifa ke yi wa mutum in ba a ƙafarsa take ba?

Ana haka sai rigima ta taso. Wata mai dafa wake da shinkafa a unguwar Vittin, da ta daɗe tana saye a wurinmu, ta zo a kan babur ɗinta, ko sauka ba ta gama yi ba ta buɗe tafin hannu a gaban magajiya. Tsakuwa ce, ƙanana, jajaye. Ta ce daga shinkafarmu ta tsince su, ta ce wani mai cin abincinta ya tauna ɗaya ya yi mata tas a gaban jama'a. In ba a gyara ba, za ta koma saye a kasuwa. A sana'armu ba abin kunya kamar wannan. Shinkafar gida duk daɗinta, in aka ce da tsakuwa, an gama da ita.

Nan take mata suka ce yaran ne, su ke kwaso ƙasa da ƙafa su hau mana daɓe. Maƙwabciyata, wadda gidanta ke jikin daɓen, mace ce mai aiki sosai amma mai saurin hawa. Da yammacin ranar ta fito ta tarar da silifa a jere a bakin simintin, duk ƙafa ɗaya-ɗaya. Ta share su da tsintsiya ta zuba a buhu, ta juye a bayan rumfa tana cewa an mai da mana wuri juji. Na zaci yaran za su yi mata tsiwa. Ko kallonta ba su yi ba. Junansu suka juya wa. Wannan na cewa shi ne bayan wancan, wancan na rantsuwa ƙarya ne, wata na kuka tana cewa tun ɗazu take jira. Aka ture wani, aka yaga wa wani riga. Hayaniyar ta kai har masallaci, sai da ladan ya leƙo.

Washegari magajiya ta kira ni. Ta ce mata sun ce a kewaye daɓen da waya a sa ƙofa da kwaɗo, kada yaro ya ƙara takawa. Ta ce, “Amma ke ce mai rabon daɓe. Ki duba, ranar taro ki faɗa mana. Abin da kika ce shi za a yi.”

Labari ya riga ni isa gida. Ɗiyar ƙanena ta zuba tuwo ta zauna tana juya miya da cokali. Can ta ce, “Mma, in an rufe ina za mu?”

Na ce, “Gida. Kowa yana da gidan ubansa.”

Ta ce, “A gida ƙasa ce, taya ba ta tafiya.” Sannan ta ƙara da cewa saura kaɗan ta iya ƙetare daɓen ba tare da an riƙe mata hannu ba. Duk sa'anninta sun iya, ita kaɗai ta rage, don ita ce ke zuwa a makare.

Ni ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani da idona ba, ko da a kan yara ne. Na tsara wa kaina yadda zan bi: in kalla tukuna, in tambaya, sannan in gwada.

Da la'asar na ɗauki tsofaffin buhuna da basilla na zauna a rumfa kamar mai ɗinki. Suka fara zuwa. Da suka gan ni sai suka yi cirko-cirko, wani ya raɗa wa wani, “Cale, Mma ya zo.” Cale a bakinsu aboki ke nan. Yaran yanzu ba ruwansu da ya ko ta, da mahaifina na raye da ya gyara masa. Suka gaishe ni, na amsa, na ci gaba da ɗinkina. Da suka ga ban kore su ba sai suka saki jiki.

Abu na farko da na gani, ba wanda ya hau simintin da takalmi. A baki suke cirewa. Na biyu, sai ga tsintsiyoyi sun fito daga bayan ganguna, tsofaffin da muka yar, an ɗaure su da roba. Daɓen namu yana da layuka inda magina suka raba simintin. Kowane yaro ya kama tsakanin layi biyu ya share daga wannan baki zuwa wancan, a sunkuye. Idan ya gama sai ya kira wata siririyar yarinya mai tabarau. Ita suke kira mai layi. Sai ta tsuguna ta bi wurin da tafin hannu tana shafawa, kamar yadda nake shafa shinkafa in ji ko ta bushe.

A wurin wani ƙaton yaro ta tsaya, ta ɗago wani abu tsakanin yatsu biyu ta nuna wa jama'a. Wurin ya kaure da ihu.

“Kai, wannan shara ce ko rubutu kake yi?”

“A gidansu iska ce ke musu shara!”

Ya ce, “Wallahi yanzu ta faɗo, iska ce ta kawo ta.”

Mai layi ta ce, “To iska ta zo ta sa silifarta. Kai koma.”

Ya koma yana gunaguni ya sake sharewa. Sai da ta shafa ta ce ya yi, sannan ya je ya ajiye silifarsa ɗaya a ƙarshen jerin, ya sa ɗayar a ƙafa ya koma gefe.

Daga nan na gane sauran. Mai silifar farko ya sa takalmin tayar, ya je ƙarshen daɓe ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ya cire. Ya ɗauke silifarsa, mai ta gaba ya karɓa. Takalmin ya yi wa yawancinsu yawa, don haka akwai tsummoki da ake cusawa, su ma tare da takalmin ake miƙa su. Wanda bai iya ba, mutum biyu ke riƙe shi, yana tafiya kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Na kuma sa ido a kan masu jira, don ina son in san abin da ke tsayar da yaro a wuri in ba shi ke wasa ba. Wasu 'yan mata suna tafa hannu suna tsallen wasan da ake kira ampe. Wasu maza uku sun haɗa kai a kan wayar hannu ɗaya suna musu a kan ƙwallon da ba su ne suka buga ba. Wata ta kwanta rub da ciki a kan simintin tana aikin makaranta, wata na kitsa mata kai. Wani yana koya wa abokinsa wata rawa da kafaɗa kawai ake yi. Na kasa kunne sosai ko zan ji maganar banza. Abin da na ji shi ne kwaikwayon muryar wani malaminsu, da gardama a kan wa ya fi wa tsawo. Akwai wani yaro kuma da bai sa silifa ba, bai yi shara ba, bai yi magana da kowa ba. Ya zauna a kan bulo yana kallo har aka tashi. Kullum haka yake yi. Har yau ban san abin da yake samu a wurin ba, amma bai taɓa fashi ba.

Kashegari na kira mai layi da dogon yaron da na fara gani. Suka zo suka durƙusa.

Na ce, “Wa ya koya muku jera takalmi?”

Ta ce, “Ku mana, Mma. Ba haka kuke yi da galan a famfo ba?”

Gaskiya ce. In an ɗauke ruwa, kowace mace takan kai galan ɗinta ta ajiye a layi ta koma aikinta, kuma ba mai taɓa na wata. Wadda ta matsar da galan ɗin wata, ranar unguwa ba ta zama lafiya. Sai a lokacin na fahimci abin da maƙwabciyata ta yi da tsintsiyarta. Da a famfo wani ya yi mana haka, da abin da za a yaga ya fi riga.

Na ce, “To me ya sa ba dutse ba, ko kara? Sai ku yi ta yawo kamar masu ciwon ƙafa?”

Yaron ya ce, “Mun gwada dutse, Mma. Kowa sai ya ce nasa ne. Silifa kuwa 'yar'uwarta tana ƙafarka, ba musu.”

Mai layi ta ce, “Kuma mai ƙafa ɗaya ba ya nisa. Da can wani sai ya sa alama ya tafi har kasuwa, a yi ta nemansa.”

Na ce, “Sharar fa? Don ku faranta mana ne?”

Suka dubi juna. Yaron ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini gwiwar hannu, duk tabo. Ya ce, “Tsakuwa ɗaya ce ta yi wannan. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. In taya ta hau ta, tsayawa take yi cak, kai kuma ka wuce.”

Saura gwaji. Da sassafe kafin kowa ta kawo shanya, na cire takalmi na bi daɓen da tafin ƙafa, inda na yi shakka na sa hannu. Ban da kashin awaki a gefe ɗaya da ɗan ganye, ban samu komai ba. Daga nan na bi aikinmu da baya-baya, daga shanya zuwa turare, daga turare zuwa jiƙo, har wanki. Na buɗe buhun shanshera da aka kawo daga gona na tsoma hannu har ƙasa, na fito da irin jajayen tsakuwar nan, don a ƙasa manoma ke sussuka. Wanki ne ke raba su da shinkafa, wanki kuma ruwa yake ci, a lokacin kuwa famfo ya daɗe yana yi mana rowa. Ban ga wadda ta rage wanki da idona ba, saboda haka ban kama sunan kowa ba.

Ranar taro na faɗi abin da na gani bi da bi, yadda na gan shi. Na ce tsakuwar ba daga ƙafar yara take ba, kuma abin da muke gudu su ma shi suke gudu. Maƙwabciyata ta ce to ta ji, amma hayaniyar fa? Ita ce gidanta ke jikin wurin, ita ke da jariri. Ta ce kuma ba ta son ganin namiji riƙe da hannun mace da sunan koyarwa, kuma wasu sai an idar da magariba suke watsewa. Ban musa mata ba, don duk abin da ta faɗa na gani. Wata ta ce ko ba yara, awaki sun ishe mu.

Na ce a yi waya a sa ƙofa, saboda awaki. Makulli ya zauna wurina. In an ɗaga buhun ƙarshe in buɗe wa yara, in ladan ya kira magariba in rufe. Mace ta riƙe mace, namiji ya riƙe namiji. Wayar hannu ba za ta yi kiɗa da ƙarfi ba. Silifa kuma ba mai taɓa ta. Magajiya ta gyaɗa kai ta ce haka za a yi. Maƙwabciyata ba ta ji daɗi ba, ta daɗe tana gaishe ni a taƙaice.

Yaran sun karɓa, ko da yake ranar da hadari ya sa shinkafa ta daɗe a shanya, haka suke tsayawa a bayan waya har su gaji su tafi. Sai dai dokar ta zo da abin da ban hango ba. Ɗiyar ƙanena sai ta cika randa take zuwa, silifarta kullum a wutsiyar layi. Da, sukan ɗan ƙara lokaci har a kai gare ta. Yanzu ladan na ɗaga murya nake kaɗa makulli. Na ga ta ɗauki silifarta ta sa, saura mutum biyu a gabanta. Washegari ma haka. Ba ta roƙe ni ba, ta san ba zan ƙara mata ko minti ba, kuma ba zan ce a tsallake da ita ba. Ruwa kuwa dole a ɗebo shi da rana, kafin famfo ya ɗauke.

Na yi ta juya abin a raina har na ga inda ƙa'idarsu ta bar ƙofa. Wata la'asar, da na ɗaga buhuna na ƙarshe na buɗe musu, sai na ɗauki tsintsiya na kama tsakanin layi biyu na share. Na miƙe na ce, “Mai layi, zo ki duba.”

Ta zo a hankali ta tsuguna tana shafawa. Wajen tsakiya hannunta ya tsaya. Ta ɗago kai ta dube ni ta cikin tabarau, ta dubi sauran, sannan ta ɗaga 'yar tsakuwa, amma ba sama sosai ba.

Ta ce, “Mma, ki yi haƙuri.”

Wani daga baya ya ce da ƙaramar murya, “Iska ce ta kawo ta.” Dariya ta ƙwace musu, wasu har da faɗuwa.

Na sake sharewa daga farko. Ta shafa ta ce ya yi. Na cire silifata ta dama na ajiye, ta zama ta huɗu a layi.

Dogon yaron ya ce, “Mma, da zane za ki hau?”

Na ce, “Ba ni zan hau ba. A famfo, in uwa ta ajiye galan, 'yarta ba ta ɗiba da shi?”

Suka koma gefe suka yi shawara, har da ɗaga murya. Ƙaton yaron nan ya ce in haka ne shi ma gobe zai turo kakarsa. Mai layi ta ce ya turo ta, in dai za ta yi shara a shafa. A ƙarshe ta dawo ta ce sun yarda, amma sai 'yan gida ɗaya, kuma mai silifar ba za ta bar wurin ba har a zo kanta.

Haka na tsaya a bakin daɓe da ƙafa ɗaya a kan siminti, kuma sai a ranar na san yadda yake riƙe zafin rana. Layi ya zo kaina daidai lokacin da ɗiyar ƙanena ta ɓullo da gudu, gaban rigarta jiƙe da ruwa. Ta ga silifata a gaba, ta dubi ƙafata, ta buɗe baki.

Na ce, “Kina ɓata wa na baya lokaci.”

Aka cusa mata tsummoki, aka ɗaure. 'Yan mata biyu suka kama ta, suka yi 'yan taku tare, sai ta ce su saki. Ta tafi tana rawa da hannuwa kamar za ta kifa, ba ta kifa ba, har ta kai ƙarshen daɓe. A can ta so ta juya, ta zauna daɓas. Ta tashi da kanta ta kamo waya, ta juyo, ta dawo ita kaɗai har gabana tana haki.

Na ce, “Gobe ki fara koyon tsayawa, sannan juyawa.”

Ta ce, “To, Mma. Goben za ki yi shara?”

Na ɗauki silifata na sa. Na ce ta cire takalmin ta miƙa, mai shuɗiyar silifa yana jira.